Yadda Ake Kaɗa Ƙuri'a Kafin Ranar Zaɓe a Amurka: Zaɓen Wuri da Ƙuri'ar Gidan Waya

Babban zaɓen Amurka ranar Talata yake faɗowa, Talatar da ke biye da Litinin ɗin farko ta watan Nuwamba, kamar yadda majalisar dokokin ƙasar ta tsayar tun 1845. Ba hutun ƙasa ba ne. Direban babbar mota yana kan hanya, ma'aikaciyar jinya ta kwana a bakin aiki, ɗalibi yana makaranta a wata jiha. Domin irin waɗannan mutane aka buɗe ƙofa biyu. Ko ka je da kanka ka kaɗa ƙuri'a kwanaki kafin ranar, wato zaɓen wuri, ko a aiko maka takardar ƙuri'a gida ka cike ka mayar, wato ƙuri'ar gidan waya. A zaɓen 2020 kusan kashi 69 cikin 100 na masu zaɓe ta waɗannan ƙofofi suka bi. Duka biyun halal ne a doka, amma wadda ta fi yawan salwanta ita ce ta gidan waya, kuma ba a kan takardar take salwanta ba. A kan ambulan ne da kalanda.

Tun kafin a yi nisa, zaɓen tarayya na ɗan ƙasa ne kawai. Mai katin zama na dindindin, komai daɗewarsa a ƙasar, komai harajin da yake biya, ba shi da ƙuri'a. In ya yi rajista ko ya kaɗa, laifi ne da ke iya toshe masa hanyar zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. Ko da ma'aikacin ofishin lasisin tuƙi ne ya miƙo maka fom ɗin rajista, kada ka cike sai ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa.

Jiharka ce ke da magana

Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda da ke gudanar da zaɓe a ko'ina. Kowace jiha da dokarta, kuma ofishin zaɓe na gunduma ne ke aikin a yawancin wurare, a wasu jihohin kamar Wiskonsin da Mishigan kuwa akawun gari ne. Abin da ɗan'uwanka ya yi a Kalifoniya ƙuri'arsa ta shiga, shi za ka yi a Teksas a watsar da taka. Dokokin kuma suna sauyawa kusan kowace shekara biyu, wani lokaci kotu ta juya su saura makonni kaɗan. Kwanakin da za a ambata a nan na zaɓen 2024 ne; ka ɗauke su a matsayin misali, ka tabbatar da na bana a shafin ofishin zaɓen gundumarka ko na sakataren jiha.

Mataki na farko shi ne duba rajista. Ka tabbata sunanka yana nan, kuma adireshin da ke ciki shi ne inda kake kwana yanzu. A jihohi da yawa gidan waya ba ya bin mutum da takardar ƙuri'a zuwa sabon gida. Ofishin zaɓe ake mayar da ita. Wasu jihohin suna rufe rajista saura kwana 30, wasu suna bari ka yi rajista ka kaɗa a zama ɗaya. Karolina ta Arewa tana ba da wannan damar a lokacin zaɓen wuri, amma ba ta bayarwa a ranar zaɓe. Dakota ta Arewa ce kaɗai ba ta da rajista sam.

Zaɓen wuri

In ƙafarka za ta iya kai ka, wannan ita ce hanyar da ta fi aminci. A 2024 jihohi 47 ne suka ba kowane mai zaɓe damar kaɗawa da wuri ba tare da ya kawo uzuri ba. Alabama da Misisipi da Niyu Hamsha ne suka rage. Tsawon lokacin ya bambanta ƙwarai. Minesota tana buɗewa saura kwana 46, Bajiniya saura 45. Teksas tana farawa saura kwana 17 ta rufe saura 4. Jojiya tana farawa Litinin ta huɗu kafin zaɓe, ta rufe ranar Juma'ar ƙarshe, da Asabar biyu na dole a tsakani. Niyu Yok kwana tara take bayarwa. Ka lura da ranar rufewa musamman, domin mutane da dama suna zaton za a ci gaba har jajibiri, su je ranar Litinin su tarar da ƙofa a kulle.

Wurin zaɓen wuri ba lallai ba ne ya zama rumfar da kake zuwa ranar zaɓe. A Teksas kana iya shiga kowace cibiya a cikin gundumarka. A birnin Niyu Yok kuwa wuri ɗaya aka ware maka, in ka je wani za a juya ka. Sa'o'in ma suna canzawa daga rana zuwa rana. Layi ya fi tsawo a ranar buɗewa da kwana biyun ƙarshe. Tsakiyar mako da hantsi ya fi sauƙi.

Shaidar da ake nema ranar zaɓe ita ake nema a nan. Jojiya da Teksas da Indiyana da Wiskonsin suna neman kati mai hoto. Kalifoniya da Niyu Yok galibi ba sa nema, sai ga wanda ya yi rajista ta gidan waya, yau ne zaɓensa na farko, kuma ba a tantance bayanansa ba. Ka riƙe lasisin tuƙi ko fasfo a aljihu ko da an ce ba a buƙata. Wanda ba ya gani, ko yana da nakasa, ko ba ya iya karanta takardar, dokar tarayya ta ba shi damar shiga da mataimakin da ya zaɓa da kansa, in dai ba mai gidansa na wurin aiki ba ne ko wakilin ƙungiyar ƙwadagonsa.

Fifikon wannan hanya a bakin na'ura yake bayyana. A wurare da yawa kai da kanka za ka zura takardar a na'urar ƙirga. In ka cika wa mutum biyu a kujerar da mutum ɗaya ake nema, na'urar za ta tsaya ta nuna maka a allo, ma'aikaci ya soke wannan ya ba ka sabuwa. In sunanka ya ɓata daga rajista, kana da sauran kwanaki ka gyara. Mai ƙuri'ar gidan waya ba shi da wanda zai tsaya a kansa ya ce ga kuskure.

Illarta ɗaya ce: abin da ka kaɗa ya kaɗu. A babban zaɓe wannan bai cika damun kowa ba, amma a zaɓen fid da gwani yana ciwo. A watan Maris na 2020 Pete Buttigieg da Amy Klobuchar, masu neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Democrat, sun janye saura kwana biyu da kwana ɗaya a yi zaɓen jihohi da yawa na ranar 3 ga wata, alhali mutane masu yawa sun riga sun kaɗa musu. In takara tana rawa, ka jinkirta zuwa makon ƙarshe.

Neman ƙuri'ar gidan waya

Jihohin sun kasu uku. Takwas, wato Oregon da Washinton da Kolorado da Yuta da Hawai da Kalifoniya da Nebada da Vermont, haɗe da babban birnin tarayya, suna aika wa duk mai rajista takardar babban zaɓe ko bai nema ba. Oregon ce ta fara, bayan jama'arta sun amince da tsarin a 1998. Kashi na biyu, wanda ya fi yawa, sai ka nema amma ba a tambayar dalili. Kashi na uku sai da uzurin da doka ta lissafa. A Teksas uzurin shi ne shekara 65 zuwa sama, ko rashin lafiya ko nakasa, ko haihuwar da ake sa rai cikin mako uku kafin zaɓe ko bayansa, ko kasancewa a tsare ba tare da an rasa haƙƙin zaɓe ba, ko rashin kasancewa a gunduma ranar zaɓe da duk kwanakin zaɓen wuri. Ka kula da na ƙarshen: tafiyar ranar Talata kaɗai ba ta isa ba.

Ranar ƙarshe ta nema tarko ce. Pensilbaniya tana karɓar buƙata har saura kwana 7, Jojiya da Teksas har saura 11, kuma ana nufin ranar da buƙatar ta isa ofis, ba ranar da ka aika ba. To yi lissafi. Ofis zai duba buƙatarka ya buga takarda, gidan waya ya kawo, ka cike, gidan waya ya mayar. Hukumar gidan wayar da kanta cewa take a ba ta mako guda don mayarwa kaɗai. Wanda ya nema saura kwana 7 doka ta yarda masa, amma lokaci ba zai yarda ba. Ka nema saura wata guda aƙalla. Kada kuma ka dogara da cewa bara an aiko maka. A Filorida, tun dokar 2021, buƙatar tana mutuwa bayan kowane babban zaɓe, sai an sabunta.

Ambulan

Ka share tebur, ka nesanta kofin shayi, ka zazzage abin da ke cikin kunshin. Yawanci za ka ga abu huɗu: takardar ƙuri'a, takardar bayani, ƙaramin ambulan na sirri, da babban ambulan na mayarwa mai ɗauke da sunanka da layin sa hannu. Ka karanta bayanin tun daga farko har ƙarshe kafin biro ya taɓa komai. In ku biyu ne ko uku masu zaɓe a gida, kowa ya yi nasa shi kaɗai ya gama kafin wani ya buɗe, domin ambulan ɗin mayarwa yana da lambar da ke nuna mai shi. Miji ya sa hannu a ambulan ɗin matarsa, an ɓata ƙuri'a biyu ke nan.

Biro baƙi ko shuɗi, sai in bayanin ya ce wani abu daban. Ka cike ɗan zagayen da ke gefen sunan har ya yi baƙi, ba alamar maki ba, ba gicciye ba. Ka juya takardar, sau da yawa akwai wasu kujeru da tambayoyin raba gardama a baya. Barin wata kujera ba tare da ka zaɓi kowa ba ba ya ɓata sauran. In ka yi kuskure kada ka shafa farin ruwan gyara; ka kira ofis a soke ta a ba ka wata. Kada ka rubuta sunanka ko wata alama a jikin takardar.

Daga nan takarda ta shiga ambulan na sirri, na sirri ya shiga na mayarwa. A wasu jihohin mantawa da na sirrin ba komai ba ne. A Pensilbaniya kuwa kotun ƙolin jihar ta yanke a watan Satumba na 2020 cewa takardar da ta iso tsirara, ba cikin ambulan ɗin sirri ba, ba za a ƙirga ta ba.

Sa hannu shi ne inda aka fi faɗuwa. A jihohi da yawa ma'aikaci zai ɗora sa hannun da ke ambulan kusa da wanda ke rajistarka, wanda sau da yawa daga lasisin tuƙi aka ɗauko shi, watakila wanda ka yi da yatsa a kan ɗan allo shekara goma da suka wuce. Ka ciro lasisin ka duba, ka yi irinsa. In hannunka ya canza saboda tsufa ko ciwo, ko kin canza suna bayan aure, a sabunta rajista tun kafin lokacin zaɓe. Inda aka ce a rubuta kwanan wata, ka rubuta na ranar da ka sa hannu, wata a gaba sannan rana, yadda Amurkawa ke jerawa. A 2020 an ƙi karɓar ƙuri'un gidan waya fiye da 500,000, kimanin kashi 0.8 cikin 100 na waɗanda aka mayar, kuma matsalar sa hannu da makara su ne manyan dalilai. Kason ƙarami ne, amma kowace ɗaya ta mutum ce da ya ɗauka ya yi zaɓe.

Wasu jihohin sun ƙara sharaɗi. Wiskonsin tana neman mai shaida ɗaya ya sa hannu ya kuma rubuta adireshinsa. Adireshin ne aka fi mantawa. Karolina ta Arewa tana neman shaidu biyu ko jami'in rantsuwa, da kwafin kati mai hoto. Alabama ma shaidu biyu ko jami'in rantsuwa. Mai shaida zai ga kana cikewa ne daga nesa, ba zai ga wanda ka zaɓa ba, don haka kada ka cike kai kaɗai sannan ka fita neman wanda zai sa hannu.

Jojiya da Teksas lambar shaida suke nema a jikin ambulan. Abin da ya faru a Teksas a zaɓen fid da gwani na Maris 2022 ya isa darasi: an ƙi kusan ɗaya cikin takwas na ƙuri'un gidan waya, galibi saboda wannan lambar. Gurbin rubuta ta yana ƙarƙashin murfin ambulan, inda ido ba ya kaiwa, mutane suka liƙe ba su gani ba. Wasu kuma sun rubuta lambar lasisi alhali lambobi huɗun ƙarshe na SSN, wato lambar shaidar da gwamnatin tarayya ke ba mutum don aiki da fansho, su ne ke cikin rajistarsu tun shekarun baya. Maganin mai sauƙi ne: ɗaga murfin ka duba kafin ka liƙe, kuma ka rubuta lambobin duka biyu.

Mayarwa

Tambaya ɗaya za ka nemi amsarta: jiharka ranar isowa take dubawa ko hatimin gidan waya? A Pensilbaniya da Wiskonsin dole ambulan ya kasance a hannun ofis kafin ƙarfe 8 na daren zaɓe, a Jojiya da Filorida da Arizona kafin ƙarfe 7. In ya iso da safe, ko da tun mako guda aka aiko shi, ya mutu. Kalifoniya tana karɓa har kwana 7 bayan zaɓe in hatimin ya nuna ranar zaɓe ko kafinta. Irin wannan rangwamen yana shan ƙara a kotuna, wasu jihohin kuma sun soke nasu, don haka ka yi kamar babu shi.

Hatimin ma ba lallai ya ɗauki ranar da ka jefa wasiƙa a akwati ba. Ranar da ta isa inda ake tacewa yake ɗauka. In lokaci ya matse, ka shiga gidan waya ka ce wa ma'aikacin kanta ya buga maka hatimi da hannu a gabanka, kyauta ne. Ka duba ko an biya kuɗin aikawa. In ba a biya ba, takarda mai shafi da yawa tana iya buƙatar kan sarki fiye da ɗaya. In saura ƙasa da mako guda, ka bar gidan waya kwata-kwata. Ka kai ofishin zaɓe da hannunka, ko akwatin ajiye ƙuri'a na gundumarka, ba na gundumar da kake aiki ba. A Kolorado akwatunan suna buɗe dare da rana ƙarƙashin kyamara. A Jojiya suna cikin gini ne, kuma suna rufewa tare da zaɓen wuri.

Wa zai kai maka? A nan mutanen kirki ke faɗawa laifi da kyakkyawar niyya. Kalifoniya ta yarda ka wakilta wanda ka ga dama. Arizona ta taƙaita ga dangi da abokin zama da mai kula da kai. A Pensilbaniya kai kaɗai ne, ko ta matarka ba za ka kai ba, sai mai nakasa da ya wakilta wani a rubuce. Baƙon da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce zai kai maka, kada ka ba shi, balle in ba ka liƙe ba. Irin wannan tattara ƙuri'u ne ya sa aka soke zaɓen ɗan majalisar wakilai na mazaɓa ta 9 ta Karolina ta Arewa na 2018 aka sake sabo.

Bayan ta bar hannunka

Yawancin jihohi suna da shafin bibiya da zai nuna maka an aiko, an karɓa, an amince. Ka yi rajistar saƙon waya in akwai, ka kuma sa lambar waya a fom ɗin nema, domin ta nan za a neme ka in an ga matsala. Jihohi da dama suna ba da damar gyara, amma ƙurarren lokaci ne: Filorida zuwa ƙarfe 5 na yammacin rana ta biyu bayan zaɓe, Jojiya kwana 3, Kolorado kwana 8. Wasiƙar da ta zo daga ofishin zaɓe a wannan makon a buɗe ta nan take.

In ka nemi ta gidan waya sannan ka ga gara ka je da kanka, ka tafi da kunshin duka, takarda da ambulan. A Pensilbaniya in ka miƙa su za a soke a ba ka ta yau da kullum. In ba ka zo da su ba, ko ba su taɓa isowa ba, za a ba ka ƙuri'ar wucin gadi, wadda ake ajiyewa gefe sai an tabbatar ba ka yi sau biyu ba. A Niyu Yok duk wanda aka riga aka aika wa takarda, ta wucin gadin kaɗai zai samu a rumfa. Kada ka raina ta; ana ƙirgawa in komai ya yi daidai. Abin da ba a yi shi ne ka mayar da ta gidan waya, aka amince da ita, sannan ka je rumfa ka sake. Wannan babban laifi ne.

Wanda yake ƙasar waje

Ɗan Amurka da ke zaune a waje, da soja da iyalinsa, dokar tarayya ta 1986 ce ke kare su, aka ƙarfafa ta a 2009. Fom ɗaya ne mai suna FPCA, shi ne rajista shi ne buƙata. Adireshin zaɓenka shi ne gidan ƙarshe da ka zauna a Amurka, ko da an sayar da shi, ko ba ka da kowa a can yanzu. Ka aika fom ɗin kowace Janairu da duk lokacin da ka sauya gida, ka zaɓi a turo maka takardar ta imel. In buƙatarka ta isa da wuri, dole jiha ta aiko maka saura kwana 45 a zaɓen tarayya.

Ofishin jakadanci ba rumfar zaɓe ba ne. Abin da yake yi shi ne karɓar ambulan ɗinka a liƙe, da adireshin ofishin zaɓenka da kan sarkin Amurka ko ambulan ɗin da aka riga aka biya, ya sa a jakar diflomasiyya. Jakar tana ɗaukar makonni, don haka ka tambayi ranar ƙarshe da suke karɓa tun farkon Oktoba. Wasu jihohin suna yarda a mayar ta imel ko faks, da sharaɗin ka sa hannu cewa ka yafe sirrin ƙuri'arka. Wasu sai takarda. In saura kwana 30 takardarka ba ta zo ba, ka sauke ta gaggawa mai suna FWAB daga shafin FVAP, hukumar tarayya mai taimaka wa masu zaɓe daga waje, ka rubuta sunayen 'yan takara da hannunka ka aika. In ta ainihin ta iso daga baya, ka cike ita ma ka aika. Ofis zai ƙirga ɗaya ya ajiye ɗaya.